Hotunan da Suka Maƙale a Cikin Akwati

Asabar, da hantsi

Ni lafiyata ƙalau, sai rashin barci. Auta lafiya, tarin nan ya sake ta. Babansu ba lafiya, jininsa ya sake hawa, kuma ba ya shan magani sai na tsaya a kansa. Inna ƙafarta ce, kamar kullum. Yayansu, babban ɗana, ban sani ba. Kwamfutar shago ba lafiya, kuma saboda ita na ɗauko littafin nan.

Malamarmu ta ajin manya ta ce idan abu ya cushe wa mutum a kai, ya zauna ya rubuta shi, zai ga inda ya fara. Ban koyi rubutu ba sai da furfura ta soma fito mini, hannuna yana saurin gajiya, amma zan gwada.

Babansu mai ɗaukar hoto ne, shagonsa a gaban gida. Shekara da shekaru shi ke ɗaukar 'yan ajin ƙarshe na makarantar da ke bayan tashar mota, ranar da suka gama. Makon jiya ya ɗauka, kowane yaro da iyayensa, sannan aji gaba ɗaya. Ya juye su a kwamfuta, ya goge katin kyamara kamar yadda ya saba, ya je ya ɗauki wani aiki a kansa. Jiya Auta tana cikin gyara hotunan sai allon ya yi baƙi. Yanzu babu inda hotunan yaran nan suke a duniya sai cikin baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Makarantar nan ita ce babban aikin da ya rage mana. Sauran mutane kowa da wayarsa yake ɗauka.

Akwatin nan Yayansu ne ya haɗa shi da hannunsa, a tsakiyar falo, ya baza ƙananan kusoshi a farantin shayina. Ban ce a kira shi ba. Ba wanda ya ce.

Lahadi, da yamma

Auta ta danna, ta danna, shiru. Na yi abinci, an bar rabi.

Litinin, bayan la'asar

Mai gyara ya zo, wanda ake ce wa Injiniya. Gajere ne, yana da fara'a, aljihun gabansa cike da ƙarafa. Ya kwance gefen akwatin. Ƙura ta taru a ciki kamar auduga, ya hura, muka yi ta atishawa. Ya duba kaɗan ya ce gidan wuta ne ya mutu, wato ƙaramin akwatin ƙarfe da ke kusurwa, wanda yake raba wa sauran kayan wuta. Babansu bai damu da wannan ba, hotuna kawai yake tambaya. Injiniya ya nuna mana wani abu mai kama da ƙaramin littafi na ƙarfe, ya ce faifai ke nan, a nan komai yake.

"Hotuna suna kwance a ɗakinsu, Baba. Wuta kawai aka ɗauke musu."

Suka je da Auta suka sayo sabo, a kwalinsa, da ledarsa. Ya ɗaura, fanka ta juya, ƙaramar fitila ta kama. Na kawo masa shayi, har na ƙara masa madara. Bai gama sha ba muka ji fas, sai wari kamar an ƙona takalmin roba.

Sabo fa. Ni na yaga ledar da hannuna.

Talata, da yamma

Na bi Auta layin masu kayan kwamfuta don mu mayar da shi. Ban taɓa shiga layin nan ba. Wayoyi a rataye ko'ina, kowane shago kamar ɗan'uwansa.

Mai shagon ya kai abin kunnensa ya girgiza, ya shinshina, ya ce wutar gidanmu ce ba ta da kyau. Auta ta ce ai firij da talabijin wutar nan suke sha, kuma suna nan da ransu. Ya ce firij ɗan wahala ne, wannan kuwa ɗan gata ne, ba a haɗa su. Wani mutum da ke tsaye a bayanmu ya ce kada mu saurare shi, shi ma fanka ya saya a nan ya yi ta dawowa da ita, har matarsa ta fara zargin yana da wata a layin. Wata mata mai jaka a kafaɗa ta ce ita ta daina sayen sabo, na hannu take saye, wanda ya riga ya yi aiki a wani wuri bai mutu ba. Mutumin ya ce na hannu ai wanda ya kusa mutuwa ke nan. Suka yi ta musu a kaina. Kowa na saurara sai in ga yana da gaskiya.

Mai shagon kusa ya ce in kawo tsohon da muka ciro, don Auta ta zo da shi a leda. Ya ɗora mini tsohon a hannun dama, sabon a hagu. Tsohon ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ya ce wanda ya zaɓi tsohon nan ya san abin da yake yi. Ya jona shi, ya cusa wata 'yar waya, sai ga fankarsa tana juyawa lafiya lau.

To ashe bai mutu ba. Me ya sa aka ce ya mutu? In bai mutu ba, me ya mutu?

Mai shagon farko ya ce ba ya karɓar abin da ya ƙone, sai dai mu ɗauki wani abu a madadinsa. Mun dawo da fanka. Ba ma bukatar fanka.

Laraba

Laraba ce. Na share ko'ina ban da ɗakin baya, ɗakin Yayansu.

Alhamis, bayan azahar

Injiniya ya dawo yana sosa kai. Ya ce gaggawa ce ta ja shi, mu yi haƙuri. Babansu ya ce masa daga yau sunansa Rabin Injiniya, sai ya gyara a mayar masa da ɗaya rabin. Ya mayar da tsohon gidan wuta. Da ya kunna, akwatin ya yi wani kuka siriri, ya yi ta maimaitawa. Ya ce wannan kukan na ƙwaƙwalwa ne. Ya zaro wasu sanduna guda biyu koraye, sirara kamar mataji, ya tambaya ko akwai abin goge fensir a gidan. Ni kaɗai ke da shi. Ya goge bakinsu da shi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ɗaya ta lalace, wataƙila sabon nan da ya ƙone ne ya tafi da ita, wataƙila kuma tun farko ita ce. Ban san wanne zan riƙe ba. Ya bar ɗaya a ciki. Babansu ya ce ba komai, mu ma da ƙwaƙwalwa ɗaya muke yawo. Na ji daɗin jin dariyarsa, ta daɗe ba ta fito ba.

Allon ya haska. Jan rubutun nan na Turanci ya fito, wanda yake fitowa kullum da safe. Babansu ya miƙa hannu ya danna maɓallin da yake dannawa, rubutun ya wuce. Sai komai ya tsaya. Daga cikin akwatin muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana buga farce a tebur. Injiniya ya fizge waya daga bango da sauri har na tsorata.

Ya tambayi Babansu tun yaushe jan rubutun nan yake fitowa. Babansu ya ce ya kwana biyu, watanni ne, gaisuwarta ce ta safe, in ka danna nan sai ta ba ka hanya. Injiniya bai yi dariya ba. Ya haska fitilar wayarsa ciki. Kusa da faifan akwai wani gurbi babu komai, da waya tana lilo.

"Baba, ina ɗan'uwan wannan faifan?"

Babansu ya ce lokacin shan maganinsa ya yi, ya fita. Shi da ba ya sha sai na tsaya a kansa.

Injiniya ya yi mana bayani, ni da Auta. Ya ce wanda ya haɗa akwatin faifai biyu ya sa, iri ɗaya, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya rubutu a ɗayan, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Jan rubutun nan cewa yake yi an cire ɗaya, saura ɗaya, a yi hattara. Kullum da safe abin da yake faɗa ke nan. Yanzu wanda ya rage shi ne yake ƙas ƙas, kuma duk kunnawa ɗaya tana rage masa kwana. Ya ce kada kowa ya sake taɓa shi.

Na san inda ɗan'uwan yake. Auta ta kalle ni. Na tattara kofuna.

Juma'a, da safe

An ce gidan wuta, ba shi ba ne. An ce ƙwaƙwalwa, ita ce amma ba ita ba ce. Yanzu faifai. Ranar Litinin an ce mini hotuna suna kwance a ɗakinsu.

Asabar, da yamma

Shugabar makarantar ta zo da kanta. Mace ce mai kirki, tun tana ƙaramar malama ta san mu. Ta ce iyaye sun dame ta, wasu sun zo daga nesa don ranar nan, akwai kakar da aka ɗauko a keken guragu don ta tsaya kusa da jikarta. Babansu ya ce ana kan aiki, 'yar matsala ce ta inji. Ta kalli akwatin a buɗe, hanjinsa a waje, sannan na raka ta ƙofa.

A nan ta ce mini akwai taron iyaye, ba wannan Juma'ar ba, ta gaba. Tana so ta shiga taron da hotuna a hannu, ko kuma da gaskiyar abin da ya faru. Ta ce, "Mama, in babu su, baɗi ba zan iya tsaya masa ba. Ba ni kaɗai ke yankewa ba."

Na ce mata suna nan. Ban san ko ƙarya na yi ba.

Lahadi, da hantsi

Ranar da Yayansu ya zo ya buɗe akwatin don ya share ƙura, ya tarar da gurbin nan. Laraba ce. Ina wanke-wanke na ji murya ta tashi, tasa da farko, wadda ban taɓa jin ta haka a gaban ubansa ba, sannan ta ubansa. Kafin in goge hannu in isa, abin da zai faru ya faru. Ba zan rubuta ba.

Makullinsa yana nan a kan firij inda ya ajiye ya bar gidan. Ina ɗaga shi in goge wurin in mayar.

Litinin, bayan azahar

Na ce zan je sayen maganin Inna, na wuce shagon aminin Babansu, mai buga katin gayyata. Shi aka ba wa faifan. Lokacin da nasa faifan ya mutu yana tsakiyar babban aiki, ya zo nan kamar zai yi kuka. Babansu ya leƙa akwatinmu ya ga abu biyu iri ɗaya, ya ce ba zai bar ɗaya yana zaman banza ba amininsa yana cikin wahala. Ya cire ya ba shi, kwamfutarmu kuma ta ci gaba da aiki kamar ba a taɓa ta ba. Ni ma a lokacin na ga alheri ya yi. Har yanzu ban iya ganin inda alherin ya zama laifi ba, amma ga shi ya zama.

Na faɗa wa mai buga kati abin da ya faru. Nan take ya kashe injinsa, ya kwance, ya miƙo mini faifan da ɗuminsa. Ya ce amma fa in sani, ranar da ya karɓa aka wanke shi tas aka zuba nasa aikin. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a jaka duk da haka, na kai wa Injiniya.

Injiniya ya ce ko da ba a wanke ba, babu hotunan makaranta a ciki, don an raba su tun kafin a ɗauki hotunan. Na ce ba shi ya ce abin da ɗaya ya sani ɗayan ya sani ba? Ya ce sai in suna tare, Mama. Na ce to ga shi na kawo, a haɗa su. Ya ce ba haka abin yake ba. Ya yi mini bayani sau biyu. Na ce na gane don kada ya yi na uku.

Na mayar wa mai buga kati kayansa. Na manta da maganin Inna.

Talata

Babansu bai buɗe shago ba. Wata mata ta zo hoton fasfo, Auta ta ɗauke ta da waya a jikin farin bango.

Laraba, bayan la'asar

Injiniya ya zo ya zauna da mu, har da Babansu. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, ya kunna faifan sau ɗaya a injinsa ya yi ƙoƙarin kwashe hotunan da sauri kafin ya ƙarasa mutuwa. In an dace, za mu samu kafin taron. In ba a dace ba, zai iya karce kansa daga ciki, shi ke nan, har abada. Ta biyu, a aika shi wani gari mai nisa inda suke buɗe faifai a ɗaki na musamman. Can an fi samun nasara, amma sai an yi makonni, taron zai wuce.

Babansu ya ce a kunna. Ni na ce a aika. Shi yana tunanin ya shiga makarantar nan da kansa a ɗage. Ni ina tunanin kakar nan ta keken guragu. Amma in aka aika, aikin baɗi ya tafi, kuma ban san me za mu ci ba. Da na faɗi nawa sai na ji kamar nasa ne daidai.

Injiniya yana ta kallon cikin akwatin. Ya ce dubi yadda aka ɗaure wayoyin nan, kowace da hanyarta. Mutumin da ya yi wannan, da wuya ya dogara da faifai biyu kawai, irinsu sukan ajiye kwafi na uku a wani wuri. Auta ta ce ta tuna Yaya ya taɓa cewa kwamfutar tana tura abubuwa ta intanet da kanta in an bar ta a kunne, amma ba ta san ina ba, ba ta san ko da gaske ya yi ko cewa ya yi zai yi ba. Injiniya ya ce ai sai a tambaye shi, magana ɗaya ce. In akwai, an huta. Ya ce, "Wai wane ne ya haɗa muku?"

Babansu ya ce wani ne.

An tsayar da Alhamis ta mako mai zuwa da safe. In ba a ji wani abu ba kafin nan, za a kunna.

Alhamis, da yamma

Auta ta kira Yayansu, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa, ta nuna mini alamar da ke cewa ya karanta. Bai amsa ba. Ta ce, "Umma, ɗanki kan nan nasa irin na mijinki ne, ku kuka san inda kuka samo su." Na ce ta kiyaye bakinta. Ta ce ai gaskiya ce, gidan nan kaf ita kaɗai ce mai sauƙin kai, ita ma don ta biyo ni ne.

Aƙalla yana karantawa. Wanda yake karantawa yana da lafiya, ko?

Juma'a

Inna ta tambaye ni ina babban jikanta, ta kwana biyu ba ta ji takunsa ba. Na ce aiki.

Asabar, da hantsi

Na tarar da Babansu a shago shi kaɗai, ƙofa a rufe, yana goge gilashin kyamara da ba ta da datti. Akwatin yana nan a buɗe. Na ajiye masa magani da ruwa, ya sha ba sai da na tsaya a kansa ba. Ya ce wai da an rubuta jan rubutun nan da yaren da mutum yake ji. Na ce haka ne. Ya ce yaron ma da ya yi masa bayani tun farko, ba ya zo yana ɗaga masa murya a shagonsa ba. Ni ban sani ba ko ya yi masa bayanin, ko bai yi ba, ko ya yi ba a saurara ba.

Na ɗauki kofi zan fita, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ni dai ban riƙe hannun kowa ba."

Na tsaya ko zai ƙara. Ya ci gaba da goge gilashi.

Lahadi

Na yi ta juya maganar. Izini ne, ko ba izini ba ne?

Litinin, da safe

Wannan shafin ba nawa ba ne, naka ne, ɗana. Auta za ta ɗauki hotonsa ta tura maka, shi kaɗai, sauran ba na kowa ba ne. Ni na rubuta da hannuna, ba wanda ya faɗa mini abin da zan ce. In ka ga kuskure ka wuce shi.

Ba na ce ka zo ba. Ba na ce ka ba da haƙuri ba, ba kuma na ce a ba ka ba, wannan ba yau ba. Abu ɗaya nake tambaya. Faifan da ya rage a kwamfutar babanka yana mutuwa, kuma hotunan yaran makaranta na bana suna ciki, babu su a ko'ina. Mai gyara zai kunna shi ranar Alhamis da safe, ya ce zai iya kwashewa, zai iya kuma rasa su duka. Auta ta ce ka taɓa cewa kwamfutar tana tura abubuwa wani wuri da kanta. Da gaske ne? In da gaske ne, ka faɗa wa ƙanwarka inda za ta duba da yadda za ta shiga. In ba haka ba ne, ka ce a'a, ni zan san abin da zan faɗa wa babanka, in kuma je makarantar da ƙafata in faɗa musu gaskiya.

Yaran nan ba su yi wa kowa komai ba. Sun sa kayansu masu kyau, sun tsaya inda aka ce su tsaya.

Ka amsa kafin Alhamis. In ba ka son yin magana, ka rubuta, da manyan baƙi, ba sai Auta ta karanta mini ba.